Amsoshin Tambayoyinku: Sha'iran Filifin da Masu Buga Musu Littafi

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Katsina, ina ɗan taɓa rubuta waƙa. Malamin da ke duba mini baitocina ya ce matsalata ita ce rubutuna ya fi karatuna yawa. Ya ce in riƙa leƙa waƙoƙin wasu ƙasashe, ba na Larabawa da Turawa kaɗai ba. Da muka ji a labarai cewa Filifin ce babbar baƙuwa a baje kolin littattafai na Frankfurt a 2025, sai mahaifina ya tuna cewa malamar da ta koya masa lissafi a sakandare 'yar can ce. Ni kuwa ban san su da komai ba sai fina-finansu masu dogon zango da ake nunawa a talabijin. Shin suna da sha'irai? Me suke karantawa? Kuma mene ne waɗannan ƙananan maɗaba'o'i da ake ta cewa a tallafa musu, alhali ni ko kuɗin littafin makaranta da ƙyar nake haɗawa?

AMSA: Malama, a gaida malaminki, ya faɗa miki gaskiya. A gaida Baba ma, domin tsararrakinsa da yawa a Arewa sun zauna gaban malamai 'yan Filifin a shekarun 1970 da 1980, galibi a ajin lissafi da kimiyya.

Sha'irai kam suna da su, har sun yi yawa. Sai dai kafin ki shiga neman sunayensu, ki fara sanin cewa ƙasar tsibirai ce sama da 7,000, mutanenta sun haura miliyan 100, harsunanta kuma sun haura 150. Don haka duk wanda ya ɗauki alƙalami a can, akwai tambayar da ke jiransa tun kafin ya rubuta ɗango na farko: da wane harshe zai yi? Sifaniya ta mulke su daga 1565 zuwa 1898, sannan ta miƙa su ga Amurka a kan dala miliyan 20. A 1901 jirgin ruwa guda ya sauke malaman makaranta Amurkawa sama da 500 a Manila, daga nan Ingilishi ya zama harshen aji. Yau tsarin mulkinsu na 1987 ya amince da harsuna biyu na hukuma, Ingilishi da Filipino, wanda aka gina a kan Tagalog, harshen yankin Manila. Ga kuma Cebuano da Ilokano da Hiligaynon da Bikol da Waray, kowanne da miliyoyin masu magana da shi da nasa mawallafa. Abin da zai fi saurin isowa hannunki a Katsina shi ne wanda aka rubuta da Ingilishi, kuma wannan yanki ne kawai daga cikin abin da ke akwai.

Zan fara miki da José Rizal, saboda labarinsa ya amsa rabin tambayarki ta ƙarshe. Likitan ido ne, sha'iri, kuma marubucin labari. A 1887 yana birnin Berlin na Jamus da kammalallen rubutun littafinsa Noli Me Tangere, wanda ya fallasa zaluncin limaman coci da jami'an mulkin mallaka, amma ba shi da kuɗin bugawa, abincin kirki ma ya gagare shi. Wani abokinsa, Máximo Viola, ya ranta masa peso 300, aka buga kwafi 2,000. Littafinsa na biyu, El Filibusterismo, shi ma ya maƙale a maɗaba'a a birnin Ghent na Beljiyam a 1891, sai da wani abokin, Valentín Ventura, ya aiko da kuɗi. Hukuma ta haramta littattafan, aka riƙa shigar da su ƙasar a ɓoye, kuma a ranar 30 ga Disamba, 1896, aka harbe Rizal a Manila yana da shekara 35. Tun 1956 doka ta wajabta koyar da rayuwarsa da littattafansa a makarantun ƙasar. Wato littattafan da duk ɗan makarantar Filifin ke karantawa a yau, ba wani babban kamfani ne ya fito da su ba. Marubuci ne ya bi maɗaba'a da ƙafarsa, abokai suka sa hannu a aljihu.

To me sha'iransu ke karantawa? Ya danganta da zuriyar da mutum ya fito, don akwai manyan hanyoyi biyu, kuma sun daɗe suna hararar juna.

Masu rubutu da Tagalog suna komawa ga Francisco Balagtas, wanda ya rasu a 1862, mai doguwar waƙar nan Florante at Laura. Daga sunansa aka raɗa wa wata gasa suna Balagtasan, wadda aka fara a Manila a 1924: sha'irai biyu su tsaya gaban jama'a su yi muhawara a kan batu guda, kowa na kare ɓangarensa da baitoci masu kari da amsa-amo, ga alƙali a tsakiya. José Corazón de Jesús da Florentino Collantes ne zakarun farko, kuma mutane kan yi cincirindo don sauraronsu. Mujallar Liwayway, wadda ta fara fitowa a 1922, ta kai waƙa da labari har gidajen talakawa, daga baya aka samu 'yan'uwanta a wasu harsunan, Bisaya da Bannawag da Hiligaynon. A wannan zuriya akwai Amado V. Hernandez, jagoran ƙwadago da aka ɗaure a 1951, wanda ya rubuta da yawa daga cikin fitattun waƙoƙinsa a kurkuku. A zamaninmu kuma akwai Virgilio Almario, mai laƙabin Rio Alma, wanda ya kafa ƙungiyar LIRA a 1985. Ɗalibin da ya shiga wurinsu sai ya zauna ya koyi ƙirga gaɓoɓi da dokokin amsa-amo na Tagalog, ya san tsofaffin sigogi irin su tanaga mai ɗango huɗu, kowane ɗango da gaɓa bakwai, kafin a sakar masa mara ya karya doka in ya ga dama. Ina ganin wannan tsari daidai ne. Mai son yin waƙa sakakkiya ba tare da ya taɓa wahala da ma'auni ba, yawanci zube yake yi yana yanka shi gajere-gajere.

Masu rubutu da Ingilishi kuwa, babbansu na farko José García Villa ne, wanda ya koma Amurka a 1930, daga baya ya zauna a New York har rasuwarsa a 1997. An fi saninsa da waƙoƙin da yake sa waƙafi bayan kusan kowace kalma, amma abin da nake so ki lura da shi a wurinsa shi ne yadda yake karatu. Shekara da shekaru, daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa wajen 1940, yakan bi gajerun labaran da 'yan ƙasarsa suka buga da Ingilishi a mujallu, ya auna su, ya fitar da jerin waɗanda suka yi fice a kowace shekara, ya kuma caccaki waɗanda yake ganin sun gaza. Mutum ne mai kaifin harshe da ji da kai, ya ɓata wa da yawa rai, amma marubutan wancan lokaci sun san akwai wanda ke karanta su da idon basira, kuma hakan ya sa suka ƙara ɗaure ɗamara. Nick Joaquin, wanda da yawa ke ɗauka shi ne gwarzon marubutansu na Ingilishi, bai ma gama sakandare ba. Ɗakin karatu na ƙasa da littattafan mahaifinsa su ne jami'arsa. Lokacin da gwamnatin Shugaba Marcos ta ba shi lambar girmamawa mafi daraja ta masu fasaha a 1976, sai ya gindaya sharaɗin a saki wani sha'iri ɗan jarida, Jose Lacaba, da ke tsare, kuma aka sake shi.

A 1962 Edilberto Tiempo da matarsa Edith, sha'ira ce ita ma, suka kafa taron horar da marubuta na shekara-shekara a Jami'ar Silliman da ke Dumaguete, bisa tsarin da suka gani a Iowa ta Amurka. Taron ya yaye manyan marubuta, babu musu. Amma ya kuma koya wa zuriya guda karanta waƙa da ma'aunin malaman Amurka, kuma sha'ira Conchitina Cruz ta Jami'ar Filifin ta rubuta doguwar maƙala tana sukar wannan gado, cewa ya fifita Ingilishi kuma ya nesanta waƙa daga halin da talaka ke ciki. Ba sai kin ɗauki ɓangare ba. Ki dai gane cewa abin da sha'iri ya karanta yana ƙuruciya, da wanda ya miƙa masa littafin, su ne ke saita masa kunne, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa.

Yanzu ga maganar ƙananan maɗaba'o'i. Idan kika shiga babban kantin littattafai a Manila, irin na kamfanin National Book Store, abin da zai fara cika miki ido kayan makaranta ne da littattafan da aka shigo da su daga waje. Ga kuma shagunan gwanjon littattafan Amurka, inda tsohon littafi kan fi sabon diwanin ɗan ƙasa araha. Hanyar da aka saba bi a da ita ce matashi ya halarci taron horarwa, ya ci gasar Palanca, wadda iyalan wani attajiri suka kafa a 1950, sannan maɗaba'ar wata jami'a, ta Jami'ar Filifin ko Ateneo ko Santo Tomas, ta karɓi littafinsa. Ƙofar ƙunci gare ta, kuma masu gadinta kusan mutane ɗaya ne: wanda ya koyar da kai shi ne alƙalin gasa, shi ne kuma mai tantance rubutu a maɗaba'a. Ko an buga ma, diwanin waƙa ba ya kawo riba. Kwafi kaɗan ake bugawa, kantin ya cire kasonsa mai tsoka, littafin ya yi 'yan watanni a lungun kanta sannan a mayar wa mai shi.

Shi ya sa wasu suka ce su za su yi da kansu. Ƙaramar maɗaba'a sau da yawa ba ta da injin bugu ko ofis. Mutum biyu ne ko biyar, galibi su ma marubuta, su zaɓi rubutu, su gyara, su tsara shafuka a kwamfuta, su haɗa kuɗi su kai wa mai inji, sannan su ɗauki littafin a jaka su bi taruka suna sayarwa. Wasu sha'irai ciki har da Allan Popa sun kafa High Chair a Manila don buga waƙa zalla, ba don riba ba. A 2010 Adam David da Conchitina Cruz da abokansu suka fara wata kasuwar baje koli da ake kira BLTX a birnin Quezon, inda kowa ke zuwa da abin da ya buga da kansa, wasu ma da injin hoto-kwafi aka yi su aka ɗinke da hannu, kuma daga baya ta yaɗu zuwa wasu garuruwa. Gantala Press, da aka kafa a 2015, mata ne ke tafiyar da ita, kuma tana buga rubutun matan da babu wanda ya taɓa tambayarsu ko suna rubutu, kamar manoma da 'yan ƙwadago. A birnin Naga akwai Kristian Sendon Cordero, sha'irin harshen Bikol, wanda ya fassara marubutan Turai Rilke da Kafka zuwa harshensa ya kuma buɗe kantin littattafai mai suna Savage Mind. Wannan ya burge ni ƙwarai: yana karanta duniya, amma abin da ya karanto sai ya juye shi cikin harshen garinsu.

In kin lura, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka marubutan Kano suka yi a shekarun 1980 da suka ga manyan kamfanoni sun ja baya, suka haɗu a ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suna buga littattafansu suna kai wa 'yan kasuwa. Bambancin shi ne namu ya fi ƙarfi a ƙagaggen labari, rubutacciyar waƙa kuwa ta fi rayuwa a bakin mai rerawa da gidan rediyo.

Akwai kuma 'yan Filifin mazauna Amurka, waɗanda yawansu ya kai miliyoyi. A cikinsu wadda ta fi dacewa da tambayarki ita ce Eileen Tabios. An haife ta a Filifin a 1960, aka kai ta Amurka tana shekara goma, ta yi aiki a harkar kuɗi, sannan ta ajiye ta rungumi waƙa. A littafinta Black Lightning na 1998 ta zauna da sha'irai 'yan asalin Asiya ta sa suka nuna mata yadda waƙa guda ta sauya daga zubin farko zuwa na ƙarshe, wato ta koyi sana'ar ne ta hanyar karanta gyare-gyaren wasu. Ta kafa ƙaramar maɗaba'a mai suna Meritage Press, ta kafa mujallar sharhin littattafan waƙa mai suna Galatea Resurrects a 2006, saboda ta ga jaridu ba sa kula diwanan da ƙananan maɗaba'o'i ke fitarwa. A 2003 ta ƙirƙiro wata sigar waƙa mai ɗango uku, na farko kalma ɗaya, na biyu biyu, na uku uku, wadda mutane a ƙasashe da dama suka ɗauka. Ni wannan siga ba ta cika kama ni ba, na fi ganin ta a matsayin wasan motsa hannu, amma hidimar da matar ta yi wa littattafan wasu ba ƙarama ba ce. Don ki ga raunin wannan harka ko a ƙasa mai arziki: a watan Maris na 2024 kamfanin Small Press Distribution na Kalifoniya, wanda tun 1969 yake rarraba littattafan ɗaruruwan ƙananan maɗaba'o'i, ya rufe ba zato ba tsammani, ya bar da yawansu suna cigiyar kuɗinsu da kwalayen littattafansu.

Kada in manta da abin da nake ganin zai fi taɓa ki. A kudancin ƙasar, a Mindanao da tsibiran Sulu, akwai Musulmi tun ƙarni na 14, kafin zuwan Sifaniyawa. Ƙabilar Maranao da ke zaune a gaɓar tafkin Lanao suna da wata doguwar waƙar tarihi mai suna Darangen, kashi 17, ɗango kusan 72,000, wadda asalinta ya girmi zuwan Musulunci wurinsu, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon ɗan Adam a 2005. Rerawa ake yi daga ka, amma wasu iyalai sun adana sassanta a rubuce da haruffan Larabci da aka daidaita da harshensu, wanda suke kira kirim. Ajami ke nan, irin wanda Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta da shi. Musulmin kudancin nan ba kasafai ake jin muryarsu a manyan kantunan Manila ba.

To ke da ba ki da kuɗi, ina za ki fara? Odar littafi daga Manila zuwa Katsina, kuɗin aikowa kaɗai zai iya ninka kuɗin littafin, ga wahalar biya da katin banki, don haka ba zan ce ki yi ba. Littattafan Rizal biyu suna nan kyauta a intanet cikin tsohuwar fassarar Ingilishi a rumbun Project Gutenberg, halal ne ɗaukarsu domin haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Mujallar Likhaan ta Jami'ar Filifin da Kritika Kultura ta Ateneo ana karanta su kyauta. Kamfanin Penguin ya fitar da tarin waƙoƙin Villa a 2008 da zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Joaquin a 2017, waɗannan su ne za ki fi dacewa da su wurin masu sayar da littattafan waje ko a ɗakin karatun jami'a. Amma kada ki tsaya a kansu. Duk lokacin da kika karanta waƙar da ta kama ki, duba ƙarƙashinta ko bayan bangon littafin ki ga wa ya buga, da wane harshe aka fara rubuta ta, wa ya fassara. Sunan maɗaba'ar zai kai ki ga wasu sha'irai goma da ba za ki taɓa cin karo da su a jerin shahararru ba.

Ki sami littafin rubutu guda ki keɓe shi don karatu. Ki rubuta sunan abin da kika karanta, da ranar, da jimla biyu ko uku kan abin da sha'irin ya yi wanda ke ba ki iya ba tukuna. Waƙa ɗaya a karanta ta sau biyar da murya ta fi diwani guda a bi ta kansa da gudu. Wadda ta fi tsaya miki a rai, gwada mayar da ita Hausa don kanki, nan ne za ki ga inda ƙarfinta yake da inda Hausarki ke buƙatar ƙari. In kuma kina son fitar da fassarar ga jama'a, ki rubuta wa mai waƙar ko maɗaba'ar ki nemi izini. Ƙananan maɗaba'o'i sun fi manya saurin amsa wasiƙa, tunda sau da yawa wanda ya buɗe saƙon shi ne ya tsara littafin.

Tallafin da ba ya cin kuɗi shi ne sharhi. Diwanin da aka buga kwafi kaɗan yakan mutu ne saboda babu wanda ya ce komai a kansa, ko yabo ko suka. Shafi guda da kika rubuta da Hausa, kika karanta a taron marubuta na jiharku ko kika aika wa jarida, aiki ne irin wanda Villa da Tabios suka yi. Sannan ki guji tura kwafin littafin da ke kasuwa a zaurukan WhatsApp ba da izinin mai shi ba. Babban kamfani zai iya shanye wannan asara, amma mutum uku da suka haɗa albashinsu suka buga diwani, kwafi ashirin da suka rasa na iya hana su buga na gaba.

Ranar da ɗan kuɗi ya shigo hannunki kuwa, shawarata ita ce ki fara da sha'irin da ke kusa da ke, wanda ya buga diwaninsa da kuɗin aljihunsa yake yawo da shi a jaka. Ki saya a farashin da ya faɗa, kada ki ce ya ba ki kyauta don kun saba. In kin gama karantawa ki kai wa malaminki ku zauna ku warware shi baiti-baiti, sannan ki sake rubuto mana abin da kuka gano, za mu ba shi fili a wannan shafi in sha Allahu.